Keken Dutse a Garin Ruwa

Daga kwantena ya fito, a Ladipo,
ɗaure da ’yan’uwansa goma sha biyu,
kamar itacen da aka yo a dajin da ban sani ba.
Na zaɓe shi don ƙashin bayansa bai lanƙwashe ba.
Ciniki ya faɗa bayan rantsuwa biyu da tafiyar ƙarya ɗaya.
A danfo kwandasta ya caje ni kuɗin mutum biyu.
Na ce ai gawa ce.
Ya ce gawa ma tana biyan mota a Legas.

A rumfata, bayan layin dogo a Agege,
inda jirgi kan kaɗa sifanu a jikin ƙusa,
na kifa shi, ƙafafu sama.
Sarƙa ta sandare.
Kwana biyu ta yi a gwangwanin kananzir tana aman tsatsa.
Boris ɗin gaba ƙwaya tara ya kamata,
bakwai na tarar,
ɗaya ma ta dare kamar gyaɗar da aka taka.

Cikin zanen tayar baya akwai busasshiyar laka,
toka-toka, ba irin tamu ba.
Na kankaro ta da tsinke a tafin hannu, na shinshina.
Ƙanshin sanyi kawai.
Ƙarƙashin sirdi wani ya kafta harufa biyu da bakin wuƙa.
Da na zo fenti, sai na kewaye su.
Ba ni na sa sunan ba, ba ni zan cire ba.

Jatau, yaron shagona, ya ce,
Oga, giya ashirin da ɗaya!
Wane dutse za a hau a garin da ake cike ruwa da yashi?
Na ce miƙo mini mai lamba sha biyar.
Kai da ka bi titin Oniwaya bayan ruwan Yuli
kake tambayar dutse?
Namu a kife yake, rami ake ce masa.

Ɗaurin rim aikin kunne ne.
Waya talatin da shida, kowace da muryarta,
ka ja wannan, ta tsallake ta yi fushi,
ka lallashe ta, maƙwabciyarta ta saki jiki.
Tun la’asar nake sulhu
har mai suya ya kunna fitila,
sannan ƙafar ta juya ba ta gaida birki ba.

Abin da ban gaya wa Jatau ba:
a gindin dutsen Kwatarkwashi na tashi,
shekara sha tara ina kallonsa da ƙafa,
ko ƙararrawar keke ban mallaka ba.
Yau ga kekuna bakwai rataye a kaina.
Dutsen kuma yana can.

Don haka bayan asuba, kafin mai shi ya zo,
na tura shi gadar Pen Cinema.
Na danna giya, ƙas, ƙas, ƙas, har ta ƙarshe,
feda ta yi laushi kamar ana taka auduga,
gwiwata mai ciwo ta manta da kanta.
A ƙoli na tsaya.
Rufin kwano har iyakar gani, hayaƙin gidan burodi,
wata mata tana shara a ƙasa, ba ta ɗago ba.
Minti biyu ne duka hawan.

Akanbi ya zo da bakwai saura.
Ya matsa birki, ya buga taya da yatsa, ya rage mini dubu biyu,
ya ɗaure akwatin burodi a bayan sirdi da tsohon tub.
Ya tambayi amfanin giyoyin nan duka.
Na ce za ka sani.

Lakar tana nan cikin kwalin ashana,
kusa da faci da gam.
Jatau ya so zubarwa ranar Asabar,
na ce bar ta.